Kuɗin Gaisuwa a Layin Masa

Ranar da wayar Goggo ta faɗa cikin ƙullun masa, ina zaune a kan turmi ina jiran tawa ta soyu. Ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa, hannu ɗaya yana zuba ƙullu a tanda, ɗayan yana juya waɗanda suka yi ja, tana ce wa wata ma'aikaciya ta maimaita guda nawa ta ce. Sai wayar ta sulale. Goggo ta dubi robar ƙullun, ta dube ni, ta sa ludayi ta tsamo ta, ta miƙo mini tana ɗiga.

"Goge ta," ta ce. "In matar nan tana nan, ki ce mata ta ɗaga murya."

Na yi dariya har na kusa faɗowa daga turmin. Wanda bai yi dariya ba shi ne Yaya, ɗanta na fari, da ya zo gaishe ta a safiyar. Ya ga wayar, ya kuma ga tabon ƙunar mai a bayan hannunta, wanda ta samu kwanan baya, shi ma wajen amsa kira.

Goggo yayar mahaifina ce, kuma kowa a Fadaman Mada da wannan sunan yake kiranta, har ɗan da ta haifa. Tun kafin a haife ni take suyar masa a zauren gidanta. Masu zuwa da kwano su saya suna nan, amma ba su ke riƙe da sana'ar ba. Masu kira a waya ne ke riƙe da ita: ofisoshi, masu suna, masu walima, da matan da suka makara ba su ɗora abin kari ba. Wani mai keke da suka daɗe tare shi ke rarraba kulolin cikin gari. In aka cire waya, da ƙyar tandar za ta sayi itacenta.

Yaya ya gina gida a Inkil, can bakin gari inda gonaki suka fara, ya ware mata ciki da falo. Ya daɗe yana so ta koma ta huta. Ita kuwa ba abin da ta tsana irin kalmar hutu. Ta taɓa tambayata wa za ta gani a Inkil, masara? Ranar nan dai Yaya ya kafe. Ya ce ba zai zuba ido uwarsa ta soya kanta ba. Ko dai a samu mai amsa wayar, wanda cinikin zai iya biya ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba, ko kuwa ta kifa tandar ta biyo shi.

Goggo ba ta kama sunan Yaya, ba ta kuma yi masa doguwar magana, saboda kunyar ɗan fari. Yana tsaye a gabanta ta juyo wajena.

"Gaya wa wancan na ji."

Na gaya wa wancan an ji. Ni da shi taubasai ne, don haka na ƙara masa da cewa ya fara neman wanda zai ba hayar ɗakin, domin zan kawo mai amsa waya wanda ba ya cin abinci, ba ya zuwa biki, ba ya kuma neman aure.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, ina yi wa ƙananan 'yan kasuwa da makarantu a nan Bauchi. Na san masu sayen masar Goggo, yawancinsu ba za su tsaya rubutu ba, saƙon murya za su turo. To abin da na haɗa shi ne inji mai saurare. Mutum ya turo muryarsa, injin ya ji, ya tsamo guda nawa, ina za a kai, da ƙarfe nawa, ya amsa masa. Sannan wata tsohuwar waya da na rataye a bango, nesa da ƙullu, ta karanto wa Goggo odar da ƙarfi tana cikin suyarta.

Sai dai sauraren murya aiki ne mai nauyi. Kwamfutata ba za ta ɗauka ba, balle da irin wutar da muke samu. Dole a yi hayar kwamfutar wasu, irin manyan nan da ke jibge a wasu ƙasashe, waɗanda muke kira saba, ana aiki da su ta intanet. A bakin 'yan sana'armu, wurin da suke shi ne gajimare. Da na faɗa wa Goggo haka, sai ta ɗaga kai ta leƙa sama ta ƙofar zaure.

"To in rani ya yi fa?"

Na ce wannan gajimaren ba ya washewa, sai dai in ba a biya ba. Tun da kuɗinta za a kashe, na zauna na yi mata bayanin hayar, domin iri biyu ce. Ta farko, ki kama saba guda taki ke kaɗai, ki biya kuɗin wata cif, ko ta yi aiki ko ta wuni tana hamma. Ta biyu, masu ita sun raɗa mata sunan da ke nufin babu saba, wanda ƙarya ce tsagwaronta, sabar tana nan, ba taki ba ce kawai. Saƙo ya shigo, a tashi wani inji ya yi aikin, a caje ki gwargwadon daƙiƙun da ya ɗauka, ya koma barcinsa. Babu saƙo, babu caji. In kuma saƙonni suka yi yawa a lokaci guda, sai a tashi injuna da yawa, ba mai jiran wani.

"Kamar keke ne, Goggo," na ce. "Ko ki yi shatarsa wata guda ya tsaya a ƙofar gida yana jiranki, ko ki tare shi a titi duk sanda za ki fita, ki biya kuɗin hawa."

"Wane marar aikin yi ne zai yi shatar keke wata guda don zuwa cefane da safe?"

Abin da ni ma na gani ke nan. Masa sana'ar safe ce, da hantsi ya dubi ludayi an gama. Oda kuwa numfashi ɗaya ce: masa ashirin, a kawo ofis kaza, ƙarfe takwas. Na tara waɗannan numfashin na wata guda, na ajiye su kusa da kuɗin shata, sai na ga ko kusa ba su yi ba. Muka ɗauki na hawa.

Watan farko kuɗin da aka caje mu bai kai na mudun shinkafa ba. Na ɗauki wayata takanas na je Inkil na nuna wa Yaya, na ci tuwonsa, na yaba fentin ɗakin da ba wanda zai shiga. Aibin injin ɗaya ne a lokacin. Da yake barci yake in babu aiki, wanda ya fara turo saƙo da asuba sai ya ɗan jira ya farka. Wani dattijo da ke turo odarsa yana fitowa daga masallaci har ya aiko yana tambayar ko yaron gidan bai tashi salla ba ne. Goggo ta ce ragon ma'aikaci na kawo mata, amma ta faɗa tana murmushi, hannayenta biyu duk a kan tanda.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya mini tun farko. Ta ce ba za a yi sallama a layinta a ji shiru ba. Don haka na koya wa injin amsa sallama, da lafiya lau, da sai godiya, da aiki da godiya. Abin da ya ɗauke ni rabin wuni ke nan, ban ko sa shi a lissafi ba.

Labari ya zaga cewa injin Goggo yana amsa gaisuwa. Da farko gwada shi ake yi, a gaishe shi a ji ko zai yi kuskure. Daga baya abin ya zama jiki, mutane suka koma yadda suka saba. Ba a haifi mutumin Bauchin da zai ce "masa ashirin" ya ajiye waya ba. Sai ya yi sallama, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida da yara da sanyi da kasuwa. In mace ce sai ta bi ta kan ciwon ƙafar da Goggo ke fama da shi, ta ba da maganin da ya yi wa kakarta aiki. Injin kuma dole ya saurari komai, domin ba a san inda odar take ba. Wani a tsakiya yake sa ta, wani a ƙarshe, wani ya manta gaba ɗaya ya sake turo wani saƙon, shi ma daga sallama zai faro. Akwai waɗanda ba masar suke so ba ranar, gaisuwar ce kawai ta kawo su.

Kowace "ina gajiya" kuwa ana ƙirga mana daƙiƙunta, kuma da dala.

Wata na biyu kuɗin ya kama na jarkar man gyaɗa. Na ce wa kaina kasuwa ce ta buɗe, kuma da gaske ta buɗe, amma ba ta buɗe kamar yadda cajin ya buɗe ba. Wata na uku ya lashe ribar ya fara leƙen uwar kuɗi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba na iya cewa ga abin da za a caje mu wata mai zuwa. Ya danganta da lafiyar ƙafar Goggo da yawan masu tausaya mata.

Yaya ya zo ya nemi ganin lissafin. Na nuna masa, don ba na ɓoye lamba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar.

"Wannan ne ma'aikacin da ba ya cin abinci?"

"Yana ɗan taɓawa."

"Ya fi ni ci, ni da iyalina." Ya juya wajen mahaifiyarsa, ya rage murya. "Goggo, ƙarshen wata mai kamawa zan zo da mota. In abin ya daidaita kafin nan, shi ke nan."

"Gaya wa wancan Allah ya kai mu," in ji Goggo.

Maganin a wajena a fili yake. A sa injin ya riƙa cewa a taƙaita, a faɗi oda kawai, duk saƙon da ya zarce kuma a datse shi. In aka yi haka, na hawa zai koma mudun shinkafarsa, a zauna lafiya. Amma layin da sunanta yake tafiya, ba zan sa a katse wa mutane magana da bakinta ba tare da ta yarda ba. Na san kuma ba za ta yarda da baki kawai ba, sai ta ji ɓarnar da kunnenta. Ina ajiye saƙonnin na 'yan makonni don gyaran kurakuran injin, kafin su goge kansu. Na zaɓo mafi tsawo a ciki, na jira ta sauke tanda ta wanke hannu, na kunna mata.

Wata mata ce daga Ƙofar Ran, tsohuwar mai sayen masarta. Ta yi sallama, ta yi ina kwana, ta bi gidan kaf har da akuyar da aka sayar bara. Ta ce ta ga mai kama da Goggo a kasuwa ta yi ta ɗaga hannu, ashe ba ita ba ce, ta ji kunya. Ta yi dariya ita kaɗai. Sannan ta ce, "Af, Goggo, 'yar wajena ta sauka, an samu namiji, suna ranar Laraba. Ki zo ko da hannu biyu ne, fuskarki muke so. Masa kuma a kawo sha biyar." Bayanta sai muryar injin: "Lafiya lau. An karɓi odarki."

Na dakatar, na buɗe baki zan faɗi abin da wannan saƙon kaɗai ya ci. Goggo ta riga ni.

"Wannan yaushe ne?"

"Ya kwana biyu."

"Sunan ya wuce?"

"Ya wuce."

Ta juya ta dubi wayar bango. "Duk gaisuwar nan, wa ke jin ta?"

"Injin."

"Ni fa?"

"Ke oda yake karanto miki, Goggo. Haka muka shirya, don kada ki ƙone."

"Wato watannin nan mutane suna gaishe ni, ƙarfe yana amsawa, ni ina nan zaune kamar kurma. Matar nan ta gayyace ni suna, na aika mata da masa da lafiya lau."

"Ke kika ce a amsa."

"Na ce a amsa. Ban ce a cinye ba."

A nan ta yanke hukuncinta, kuma ya saɓa wa duk abin da na zo da shi. Ba za a datse wa kowa magana ba. Bayan haka, duk gaisuwar da aka yi a ajiye mata, in ta gama suya a kunna ta ji, ta amsa da bakinta. Waɗanda ba su riga sun goge ba kuma kada in bari ko ɗaya ya ɓata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na zo da hanyar rage kuɗi, an ƙara mini da na ajiya. Ni ina hango motar Yaya a ƙofar gida, ita tana maganar barka. Na ce mata in ta koma Inkil ba mai gaishe ta sai masarar da ta raina. Ta ce gara ta tafi da mutuncinta da ta zauna a ce Goggo ta yi inji ta daina kula mutane. Ta zari mayafi, ta ƙulle sabulu da turmin atamfa a leda, ta tare keke zuwa Ƙofar Ran, ta bar ni a zaure ina huci ni da kwamfutata.

Da fushin ya sauka na sake lissafin daga tushe, wannan karon da mutanen da muke da su. Na hawa ba tare da gaisuwa ba, ba abin da ya kai shi araha, kuma har gobe ina nan a kan haka. Na hawa da gaisuwa, shi ne mafi tsada, kuma ba shi da rufi, yadda baki ya yi tsawo haka zai bi shi. Shata ta faɗo a tsakiya. Ita ba ruwanta da tsawon magana, mutum ya wuni yana gaisuwa kuɗin wata bai motsa ba, kuma tana da wurin ajiya a cikinta. Akwai wani mataki da in aiki ya kai shi, biyan kuɗin hawa sau da yawa yake wuce kuɗin shata, mu kuwa gaisuwa ta daɗe da tsallakar da mu wannan matakin ba mu sani ba.

Shatar ma da nata halin. Inji ɗaya ne, in safiya ta cika sai saƙonni su yi layi. Da azumi, lokacin da cinikin safe ke mutuwa, za a biya ta cif kamar kullum. Babban abin kuma, ko a watan da kasuwa ta yi kyau, kuɗinta ya fi ƙarfin masa ita kaɗai. Na faɗa wa Goggo haka da ta dawo, bakinta ja da goron suna.

"Abin haushin," na ce, "daga hantsi har wata asubar zaune zai wuni, kuma mun biya."

"To a sa masa fasinja mana."

Na tsaya na dube ta. Babu abin da ya hana. Saba ɗaya za ta iya sauraren layi fiye da ɗaya, in dai ba a lokaci guda suke cika ba. Muka raba wuni kashi huɗu: safe, rana, yamma, dare. Safe na Goggo ne. Sauran kuma ta ce in bar mata, ta san inda za ta samo su.

Kafin mako ya zagayo ta tara mini mutum biyu a zaure. Akwai mai fura, wata Bafulatana da iyayenta suka daɗe da zama cikin gari, wadda cinikinta na tsakar rana ne. Akwai kuma mai tsire na bakin titi, wanda ba ya hura wuta sai bayan la'asar. Mai fura ta fara da tsoro. Ta ce in gaisuwa ce ke jawo tsada, to ita kam ta shiga uku, domin danginta in suka fara sai an tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya. Na ce a shata ko maruƙa za a haɗa, kuɗin ɗaya ne. Ta ce to a rubuta ta, za ta kuma sanar da su.

Mai tsire ne ya ja. "Ni masu sayena ba sa gaisuwa, Hajiya. Yunwa ce ke kawo su. Don me zan biya daidai da ku?"

Na gaya masa gaskiya, cewa mai irin cinikinsa na hawa ya fi masa sauƙi. Goggo ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Ya yi ta shafa gemu. Ya tambaya ko a na hawan zan iya gaya masa tun farkon wata abin da zai biya. Na ce a'a. A shata fa? Na ce zan iya, sai dai abin da dala ta ƙara. Ya ce shi mutum ne mai son ya san kuɗin naman tun kafin a yanka, a sa shi a yamma.

Saura dare. Ba wanda ke ciniki da dare a cikinmu, kuma su biyun suka ce kasonsu kawai za su ɗauka. In Goggo ta haɗa safe da dare, an taɓa uwar kuɗi, sharaɗin Yaya ya karye. Na bi mai shayi, ya ce masu shan shayinsa a gabansa suke zama. Na bi masu gidan burodi, suka ce za su yi shawara, har yau suna yi. Na juya lambobin ta kowace fuska, kaso ɗaya dai ya ƙi cika. A kwanakin nan ban iya cin masar da daɗi ba, domin duk wadda na ɗauka sai in ji kamar ta bankwana ce.

Ranar Asabar ta ƙarshen wata Yaya ya zo da hantsi, da aron a-kori-kura ya ajiye a ƙofar gida. Ya tarar Goggo ta sauke tanda, ta jawo kujera gaban wayar bango, tana biyan bashin gaisuwa. Haka take yi kullum tun ranar Ƙofar Ran. A kunna mata ɗaya, ta saurara har ƙarshe, ta danna ta amsa. Ya yi sallama, ta amsa a taƙaice ba ta juyo ba, ya samu benci ya zauna.

Wani malamin makaranta yana gode mata, wai masarta ce ta sa surukarsa ta sauko daga fushi. Wata tana tambayar ko a sa kanwa a ƙullu ko kada a sa, Goggo ta ce mata ta zo ta gani da idonta, ba a koyon masa a waya. Dattijon nan na masallaci ya yi mata addu'a mai tsawo, ya haɗa da 'ya'yanta da jikokinta, ya kuma yaba cewa yaron gidan ya fara tashi da wuri. Wata amarya da aka kai wani gari ta turo tana cewa ba masa take so ba, can ba su iya ba, muryar gida kawai take son ji. Goggo ta yi mata faɗa a kan kuka, sannan ta ba ta labarin unguwa tun daga bakin titi har ƙarshen layi.

Na dubi Yaya. Na ga ya sa makullin motar a aljihu, ya gyara zama. Da aka ɗan tsagaita na matsa kusa da shi na nuna masa lissafin, ban yi tsokana ba ranar. Na ce mun koma shata, mun samu mutum uku, kaso ɗaya ya rage, kuma ban samo mai ɗauka ba.

"Wane kaso?"

"Dare."

"Me ake yi da shi?"

"Ba komai. Injin yana zaune ne kawai, kunnensa a buɗe."

Ya ɗago kai daga lissafin. "In mutum ya turo magana da dare, za ta ji?"

"Da safe, in ta gama suya. Shi zai fara fitowa ma."

Ya dubi mahaifiyarsa, ita kuma ta dubi bango.

"Rubuta ni," ya ce.

"Kai me kake sayarwa?"

"Ina ruwanki."

"Gaya wa wancan," in ji Goggo, "ba sadaka muke nema ba."

"Gaya mata haya na kama," in ji Yaya. Ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ya sa aka zuba masa sauran masar da ta rage a leda, ya biya, ya ja a-kori-kurarsa ba komai a bayanta.

Daɗi ya kama ni har na rasa abin tsokanar da zan bi shi da shi, abin da bai taɓa faruwa ba.

Washegari na zo da wuri don in sake duba yadda sabuwar sabar take ɗaukar cikar safiya. Ta ɗauka, da ɗan layi kaɗan, ba wanda ya yi ƙorafi. Da Goggo ta sauke tanda ta zuba mini tawa a takarda, ta jawo kujerarta, na kunna mata. Muryar Yaya ce ta fara fitowa.

Ya yi sallama. Ya tambayi kwananta, da ƙafar, da hannun da ya ƙone, ko tana shafa man da ya kawo. Ya ce ƙaramar 'yarsa ta fara tafiya, da gudu ma take so ta fara, matarsa ta ce halin kakarta ne. Ya ce masara ta yi kyau bana, zai kawo mata ta gasawa. Ya ce ɗakin yana nan, ba don ta koma ba, ko ranar Juma'a ce ta zo ta wuni ta ga yaran. Daga ƙarshe sai ya ce shi dai tsoro yake ji kada wani abu ya same ta yana nesa, shi ke nan abin. Tun da nake ban taɓa jin ya yi mata magana mai rabin wannan tsawon ba. Da ya gama, injin ya tambaye shi masa nawa za a kawo.

Goggo ba ta motsa ba har muryar ta ɗauke. Ta goge hannunta a zani, ko da yake a bushe yake. Ta kai yatsa kan wurin dannawa, sai ta tuna ina nan.

"Ke, fita waje."

Na ɗauki masata na fita. Ina bakin ƙofa na ji ta yi sallama, na ji ta ce lafiya lau, ƙafa da sauƙi, sai na matsa can gindin bishiya inda ba na jin kalmomin, sai tashin muryarta da saukarta. Na tsaya a nan har masar hannuna ta huce, ba ta gama ba.